Bindiga Mai Ƙanƙara a Ƙasar Gobir

Matasan Isa da Sabon Birni sun san bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, amma ƙalilan ne suka san kakarta, wato bindiga mai ƙanƙara. A kanta nake son in yi bayani, domin malamin da ke koyar da yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ya san irin makamin da yake magana a kai.

Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a bi da harsashi, a danna da tsinken ƙarfe. A gefen ƙota akwai ɗan ƙarfe mai riƙe da guntun dutsen ƙanƙara. Idan aka ja kunama sai dutsen ya daki ƙarfe ya ba da tartsatsi, kamar dai ƙyastu, tartsatsin ya kama albarushin da ke cikin ɗan kaskon gefe, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. Nan gazawarta take. Da damina albarushin kasko kan jiƙe, dutsen kuma kan dakushe, kafin a sake ɗuri kuwa maharbi mai baka ya saki kibau da dama. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa baka da doki suka ci gaba da rinjaye a Tabkin Kwatto a 1804 da Gawakuke a 1836, ban da cewa bindigar kanta ba ta wadata ba a lokacin.

Akasarinta a Turai ake ƙera ta, musamman Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam, inda ake yin masu araha domin kasuwar Afirka. Wasu suna ratso Sahara daga Tarabulus, wasu suna haurowa daga bakin teku ta ƙasar Nufe. Sai a rabin ƙarshen ƙarnin, zamanin da Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, ta yawaita a hannun 'yan bindigar sarakuna. Sarkin Damagaram Tanimu har igwa da albarushi ya sa aka riƙa yi masa a gida.

Abin mamaki, doka ce ta tsawaita ranta. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar masu ƙanƙara, alhali sojojin Turai sun daɗe da yar da su. Haka aka fuskanci bindiga mai ruwa a Sakkwato a watan Maris na 1903.

Daga baya maƙeranmu suka koma yin mai kamawa da ɗan ƙoƙon jan ƙarfe maimakon dutse, bututun ma suka riƙa samun sa daga tsoffin motoci. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukumomi ikon hana mallakar bindigar da ake ɗurawa ta baki sai da lasin.