Karatun Gida: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Cire Yaro Daga Makaranta

A Amurka da Ingila da wasu ƙasashe akwai iyayen da ba sa kai 'ya'yansu makaranta, kuma ba don sun ƙi boko ba. Su da kansu suke zama malamai, su koyar da lissafi da Turanci da kimiyya a cikin gida har yaro ya isa shiga jami'a. Maganar ta fara shigowa manyan biranenmu, musamman tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, iyaye suka ɗanɗani zama da yara da littattafai. Kafin wani ya ji labarin ya yi sha'awa, ya kamata ya san abin da ya kai mutanen can ga wannan hanya, da nauyin da ke cikinta.

A Amurka harkar ta yi ƙarfi ne daga shekarun 1970. Wani tsohon malamin makaranta, John Holt, ya yi ta rubutu cewa tsarin aji yana kashe wa yaro sha'awar sani, har ya kafa mujalla a 1977 don iyayen da ke karantarwa a gida. A ɗaya ɓangaren kuma Kiristoci masu riƙo da addini suka rungumi abin don kare tarbiyyar 'ya'yansu. An sha shari'a kafin a kai 1993, lokacin da dukkan jihohi 50 na ƙasar suka halatta shi. Hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta kiyasta yara 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, zuwa 2012 sun kai kusan miliyan 1.8. A shekarar korona, gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 cikin 'yan watanni.

Da aka tambayi iyayen dalili, amsar da ta fi yawa ita ce tsoron yanayin makarantar kanta: rashin tsaro, shaye-shaye da miyagun abokai. Kusan kashi 80 cikin ɗari sun ambaci wannan. A can abin tsoron shi ne ɗan bindiga ya kutsa cikin aji ya buɗe wuta. Mu a Arewa ba sai an yi mana bayani ba. An kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka sake kwashe ɗalibai a Dapchi a 2018, a Ƙanƙara a ƙarshen 2020, a Kagara da Jangebe da Tegina a 2021, sannan a Kuriga a 2024. Uwar da ta ce hankalinta ba ya kwanciya sai ta ga ɗanta ya shigo gida ba ta faɗi abin da za a zarge ta a kai ba.

Dalili na biyu tarbiyya da addini. Iyaye da yawa suna ganin abin da yaro ke kwasowa daga abokai da wayoyinsu ya fi ƙarfin abin da ake koya masa a gida. Na uku rashin gamsuwa da karatun kansa. Duk wanda ya leƙa wasu firamaren gwamnati ya ga yara cike da aji a zaune a ƙasa, malama ɗaya da guntun alli, na baya ba sa ma jin muryarta, zai gane yadda yaro kan gama aji shida bai iya haɗa jimla ba. Makarantu masu zaman kansu kuma kuɗin zango ya fi ƙarfin mai 'ya'ya biyar ko shida, ga kuɗin littattafai da yunifom da na mota. Akwai kuma iyayen yara masu buƙata ta musamman, kamar kurma ko wanda fahimtarsa ke tafiya a hankali ko mai ciwon sikila da ke yawan kwanciya, waɗanda aji ba ya jiransu. Wasu kuwa cin zalin da ake yi wa yaron ne ya ishe su.

Karatu a gaban iyaye ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, 'yarsa Nana Asma'u kuma a cikin gidansu ta yi ilimin da ta zama malamar mata da shi. Sai dai a lura, gidajen malamai ne, koyarwa ita ce sana'arsu, littattafai da ɗalibai suna nan dare da rana.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Karatun gida ya fi kai yaro makaranta wuya, domin aikin malamai goma ne ya dawo kan mutum ɗaya, kuma yawanci uwa ce. Ga ɗan shekara bakwai yana koyon haɗa baƙi, ga 'yar shekara goma sha ɗaya tana jiran a duba mata lissafi, ga goyo a baya, ga tukunya a kan wuta. Baƙi suka yi sallama, darasin safe ya tafi. Gobe suna, jibi gaisuwar rasuwa, mako ya wuce ba a buɗe littafi ba. Ko a Amurka, yawancin gidajen da suka ɗore da shi sai da ɗaya daga cikin iyayen ya rage aiki ko ya ajiye shi, suka kuma haɗa kai da wasu gidaje don darussan da suka fi ƙarfinsu. Uban da ya iya lissafin firamare ba lallai ya iya kimiyyar sakandare ba, kuma babu ɗakin gwaje-gwaje a tsakar gida. Ga kuma cuɗanya: a cikin tsara yaro ke koyon haƙuri da bin layi da kare kansa da baki.

Haɗari mafi girma shi ne yaron da ba ya zuwa makaranta ba mai ganinsa. Malami ne kan fara lura da tabo a jikin yaro, ko rama, ko shirun da ba a saba ba. A Kalifoniya, a 2018, an gano 'ya'ya 13 na gida ɗaya cikin yunwa, wasu ɗaure da sarƙa, alhali uban ya yi wa gidan rajista a matsayin makaranta. A Ingila, Sara Sharif, 'yar shekara 10 da mahaifinta da matarsa suka kashe a 2023, an cire ta daga makaranta da sunan karatun gida bayan malamai sun ga raunuka a jikinta. Jamus ta haramta karatun gida gaba ɗaya, Faransa kuma tun 2022 sai da izinin hukuma. A wurinmu fuskar haɗarin daban ce: a ce yarinya tana karatu a gida, alhali farantin talla ne a kanta daga safe zuwa magariba. Ƙasar da yaranta fiye da miliyan goma ba sa zuwa makaranta ba ta buƙatar sabon suna da za a lulluɓe sakaci da shi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Ba ta tsara yadda za a yi karatun gida ba. Don haka mai wannan niyya ya fara tuntuɓar hukumar ilimi ta jiharsa. Ya samo manhajar gwamnati ta ajin da yaron yake, ya kafe jadawali a bango, ya ware sa'o'in da ba aike ba baƙo. Ya riƙa kai yaron wurin wani malami na waje ya gwada shi duk ƙarshen zango, don ido na uba yakan rufe. Ya san tun da wuri cewa takardar shaida sai ta hanyar jarabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, sannan JAMB kafin jami'a. Kada kuma a raba yaron da Islamiyya da filin wasa.

Wanda ya duba ya ga ba shi da lokaci ko ilimin ɗaukar wannan nauyi, ya bar yaronsa a makaranta, ya ƙara da nasa a gida: duba littafi bayan isha'i, zuwa taron iyaye da malamai, sanin abokan yaron. Gwamnatocin jihohi kuma su yi rajistar duk yaron da aka ce yana karatu a gida, su riƙa bibiya, su kuma gyara tsaro da cunkoson da ke korar iyaye daga makarantu. Maƙwabci da mai unguwa da limami, idan suka ga yaron da ya isa makaranta yana zaune a gida, su tambayi iyayensa wane ne ke karantar da shi, kuma me ya iya zuwa yanzu.