Ƙwayar da ke kwana a tumbi tun yarinta

A 1984 wani matashin likita a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall, ya kurɓe ruwan da ya cika da ƙwayoyin cuta da gangan, don ya nuna wa abokan aikinsa cewa ƙwayoyin ne ke kumbura tumbi har su kai ga gyambon ciki, wato olsa. Cikin 'yan kwanaki amai ya kama shi. Shi da abokin bincikensa Robin Warren sun karɓi kyautar Nobel a 2005. Ita kuwa ƙwayar, Helicobacter pylori, tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Yawanci a yarinta ake kamuwa da ita, a gidan da mutane suka yi yawa a ɗaki ɗaya, ko inda ruwa da makewayi ba su da tsafta. Sai ta yi zamanta shekara talatin, arba'in, galibi ba ciwo ba alama, tana cin bangon tumbi sannu a hankali.

Shi ya sa batun ya zama na adalci a ƙasar Niyu Zilan. Maori, 'yan asalin ƙasar, da mutanen tsibiran Fasifik sun fi Turawa ɗauke da ƙwayar, sankarar tumbi kuma tana kama su ninkin-ba-ninkin. Akwai wasu iyalan Maori da ke gadon sankarar ta jini, kamar yadda masana a Jami'ar Otago suka gano a 1998, amma kaso mai yawa na tazarar da ke tsakaninsu da Turawa daga wannan ƙwaya yake, wato daga cunkoson gidajen da aka tashi a ciki. Talaucin yarinta ne ke biyo mutum har tsufa, abin da ciwo.

Gwajin bai da wuya: ɗan bahaya a kwalba, ko hura numfashi, ko ɗigon jini. Magani kuma na kamar mako biyu ne, ƙwayoyin kashe cuta iri biyu haɗe da mai rage tsamin ciki irin su omeprazole. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara gwada jama'a da ba su magani a 2004, sankarar tumbi ta ragu da kusan rabi.

A ganina, idan aka buɗe gwaji ga kowa a Niyu Zilan aka zauna jiran mai zuwa, masu mota da lokaci ne za su fara isa asibiti, tazarar ma ta ƙaru. Dole a fara da unguwannin Maori da 'yan Fasifik, ta hannun ma'aikatan lafiyarsu, a harshensu, kyauta. Sannan a sake gwada mutum bayan ya gama shan magani, domin ƙwayar ta fara bijire wa clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan, a ƙasashe da dama, kuma wanda bai warke ba zai koma gida yana zaton ya rabu da ita.