Wace Waƙa Ce Ta Dace Da Tsibirin Ralph Da Jack?

A wani dare da aka ɗauke wuta a ɗakin kwananmu na jami'a wannan gardama ta samo asali. Mu huɗu ne, littafi ɗaya, fitilar waya ɗaya. Littafin shi ne Lord of the Flies na William Golding, wanda ya fito a Ingila a 1954, ya kuma taɓa shiga jerin littattafan adabin Turanci na jarrabawar WAEC. Ɗayanmu ya yi hamma ya ce da a ce fim ɗin Hausa ne, da yanzu an yi waƙa uku. Muka yi dariya. Can sai wani ya ce, to mu sa masa waƙoƙin mana. Har aka kira assalatu ba mu daidaita ba.

Doka ɗaya muka kafa. Duk wanda ya kawo waƙa, sai ya buɗe littafin ya nuna wurin da ta dace da shi, ya kuma faɗi dalili. "Tana da daɗi" ba dalili ba ne. Da wannan dokar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta faɗi tun a zagayen farko, domin babu mace ko ɗaya a tsibirin nan, balle soyayya.

Ƙannenmu da ba ku karanta ba, ku yi haƙuri, za mu fasa muku ƙwai. Ana cikin yaƙi, jirgin sama ɗauke da yara maza 'yan makaranta daga Ingila ya faɗo a wani tsibiri da babu kowa. Babu babba ko ɗaya da ya tsira. Manyansu 'yan kimanin shekara 12 ne, ƙananan 'yan shekara 6. Suka zaɓi Ralph ya zama shugaba, suka amince cewa wanda yake riƙe da wata babbar katantanwar teku, wadda ake busawa kamar ƙaho, shi ke da damar magana a taro. Jack ya so sarautar bai samu ba, sai aka bar masa farauta. Daga nan abubuwa suka soma lalacewa da kaɗan-kaɗan.

Waƙar farko ba ta ba mu wahala ba. Sunan babi na biyu "Fire on the Mountain", kuma sunan waƙar Asa ke nan, wadda ke cikin kundinta na 2007. Da farko mun ɗauka dacewar suna ce kawai. Da muka koma shafin sai muka ga ta fi haka. Yaran sun hau dutse sun kunna wuta don jirgin ruwa ya hango hayaƙi, wutar ta kuɓuce ta cinye wani yanki na dajin, aka nemi wani ƙaramin yaro mai tabon haihuwa a fuska aka rasa. Ba a sake ganinsa ba, kuma kusan kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Asa ma a kan haka take kuka: al'ummar da ke kallon bala'i ƙiri-ƙiri, kowa yana ci gaba da sabgarsa. A babi na huɗu kuwa abin ya juye. Wutar da ake buƙata ta mutu saboda masu gadinta sun bi Jack farautar alade, jirgi ya wuce bai gan su ba. Wuta ɗaya ce, amma sau biyu ta tona asirin sakacinsu.

Piggy ne ya fi tsaya mana a rai. Sunan ma ba nasa ba ne, laƙabin tsokana ne, har littafin ya ƙare ba mu ji sunansa na yanka ba. Yana da ƙiba, yana da ciwon asma, ba ya gani sai da tabarau. Amma shi ya san amfanin katantanwar nan, kuma da gilashin tabaransa ake kunna wuta. Ana buƙatar kayansa, ba a buƙatar shi. Ɗayanmu da ya tashi a Filato ya ce wannan ai aikin Ɗan Maraya Jos ne, ya kawo "Karen Mota". Marigayin, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa yaron mota waƙa, mutumin da ke shan wahalar tafiya amma direba ake gaisarwa. Ba wanda ya yi musu. Abin da kawai muka ƙara shi ne, Ɗan Maraya ya tsaya ya kalli yaron motar da idon rahama, Piggy kuwa a tsibirin nan bai samu ko mutum uku da suka yi masa haka ba. Ralph ɗin ma da ya zama abokinsa, shi ya fara tona wa sauran yara laƙabin.

A kan Jack aka yi zazzafar gardama. Wani ya ce "Bakandamiya" ta Mamman Shata, tunda kirarin kai ce, Jack kuma ba abin da ya iya kamar yabon kansa. Biyu daga cikinmu suka ƙi. Shata ya shekara da shekaru yana aiki da kalangu kafin ya yi wa kansa kirari, kuma jama'a sun shaida. Jack kuwa da tsoro da naman alade ya sayi mabiya. Sa masa Bakandamiya cin fuskar Shata ne. Daga ƙarshe muka bar Jack ba waƙa, muka ba mabiyansa "Zombie" ta Fela Kuti, wadda ya yi wa sojan da ke bin umurni ba tare da tunani ba. Waƙar nan ba wasa ba ce. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas. Ku duba yadda yaran Jack suke shafa ƙasa da gawayi a fuska, kunya ta gudu, kowa ya zama ba kowa ba, sai ku gane me ya sa muka zaɓe ta.

A nan ne ɗayanmu ya koma babi na farko, ya yi tsit, sa'an nan ya ce mu duba yadda Jack ya shigo labarin. Bai shigo da mashi ba. Ya shigo ne a gaban 'yan ƙungiyar waƙar coci ta makarantarsu, sanye da baƙaƙen alkyabbu, suna tafiya a layi biyu cikin zafin rana. Shi ne shugabansu, har yana taƙama da iya kai muryarsa sama a matsayin hujjar a ba shi sarauta. Mawaƙan nan su suka zama mafarauta. Ashe mun kwana muna neman waƙar da za mu liƙa wa littafin, alhali tun farko da tasa waƙar ya zo.

Mafarautan sun ƙirƙiri wata gajeriyar waƙa ta kisan alade, suna yi suna zagaye suna buga ƙafa. Da farko wasa ne. A babi na bakwai suka sa wani yaro a tsakiya ya zama aladen, suka ji masa ciwo, aka yi dariya aka wuce. A babi na tara hadari ya haɗu, ana tsawa, kowa na tsoron dodon da suke zaton yana kan dutse, sai Jack ya ce a yi rawar. Simon, yaron nan mai shiru-shiru, ya riga ya hau dutsen shi kaɗai ya gano cewa dodon gawar wani sojan sama ce da laimarsa ta saukowa ta sarƙe. Ya rarrafo daga daji don ya gaya musu, ya faɗa tsakiyar da'irar. Suna waƙa suka kashe shi. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne, Ralph da Piggy, masu hankalin tsibirin, su ma suna cikin rawar. Washegari Piggy ya dinga cewa tsautsayi ne.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san wannan da'irar. Mun san waƙar da ake bin mai fitsarin kwance da ita. Mun san yadda ake zagaye wanda aka ce ya ɗauki sabulun wani, ana tafi ana amshi, kafin wani ya fara kai hannu. Da muka tambayi junanmu a daren nan, babu ko ɗaya cikinmu huɗu da ya iya rantsewa bai taɓa yin amshi ba. Golding ya san abin da yake rubutawa. Malamin makarantar maza ne a Salisbury, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ya samu kyautar Nobel a 1983.

An kawo wa Simon "Man in the Mirror" ta Michael Jackson, daga kundin Bad na 1987, saboda shi ne ya fara tunanin cewa wataƙila dodon a cikinsu yake. Ta dace rabi. Jackson yana da yaƙinin mutum zai dubi kansa ya gyara, Golding kuwa bai ba Simon ko damar gama maganarsa ba. Muka karɓe ta da sharaɗi. Irin wannan "ta dace rabi" shi ne ribar wasan, domin kafin ka ce rabi, sai ka san jigon sarai. Haka mai gyaran jarrabawa yake so, ka faɗi jigo ka kawo hujja daga babi. Sai dai don Allah kada wani ya rubuta sunan Asa a takardar amsa ya ce mu muka koya masa.

Ɗayanmu bai yarda da Golding ba sam, kuma yana da hujja. A 1965 wasu yara shida 'yan makarantar kwana a ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwale suka gudu, iska ta jefa su wani tsibiri mai suna Ata. Sun yi kusan wata 15 a can kafin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Ba su kashe kowa ba. Sun raba aiki, sun riƙe wutarsu ba ta mutu ba, da ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗaure masa har ya warke. Marubucin nan ɗan Holan, Rutger Bregman, wanda ya sake fito da labarin, ya ce sun haɗa garaya irin ta Turawa da ɓawon kwakwa da itace da 'yan wayoyi, kuma da waƙa da addu'a suke buɗe yini su rufe shi. Su ma waƙa ce ta haɗa su a da'ira, amma babu wanda aka sa a tsakiya.

Takardar da muka rubuta jerin a kanta tana nan liƙe a bayan ƙofarmu. Babi na 12, inda aka cinna wa tsibirin wuta ana farautar Ralph har hafsan sojan ruwa ya bayyana, an soke waƙarsa sau uku, har yanzu ana ja-in-ja. Gaban babi na tara kuwa babu komai. Mun gwada waƙa huɗu, duk wadda muka kunna sai mu tarar da ƙafar wani tana bin kiɗan, sai mu kashe.