Jinyar Ƙarshe: Aikin Sa-Kai Bayan Likita Ya Sallama

Gabatarwa

Akwai wata magana da iyalan marar lafiya suke tsoron ji a asibiti, wato, "Ku koma da shi gida." Da yawanmu mukan ɗauka cewa daga nan aiki ya ƙare, sai jiran lokaci. Wannan 'yar maƙala za ta nuna cewa a nan ne wata irin jinya take farawa, wadda ake kira hospis. Manufarta ita ce rage wa mai jiran ajali raɗaɗi da kaɗaici, tunda warkewa ta faskara.

Asalin Hospis

Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan hospis na zamani na farko, St Christopher's, a Landan a 1967. Ta lura cewa ciwon irin wannan majinyaci kashi huɗu ne: na jiki, da na fargaba, da na tunanin iyali, da kuma na tsakaninsa da Mahaliccinsa. Allura kuwa kashi na farko kaɗai take iya taɓawa. A wannan gida ita ma ta rasu a 2005.

A Afirka, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa hospis a Yuganda a 1993, inda ta yaɗa amfani da mofin na ruwa mai araha don kashe zafin ciwon daji. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen irin wannan jinya a 2007.

Aikin Ɗan Sa-Kai

Ɗan sa-kai ba ya ba da magani. Sauran kashi ukun nan su ne fagensa. Yakan zauna da majinyaci ya saurare shi, ya jiƙa masa leɓe, ya taimaka a juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya. Yakan karɓi mai jinya na awa biyu ko uku domin ta samu barci. In ya ga ciwo ya tsananta, sai ya sanar da nas. Abin da ya ji a ɗakin kuma amana ne. A jihar Kerala ta Indiya, tun 2001 aka shimfiɗa tsarin da maƙwabta ke samun horo suna bin gidaje suna wannan aiki.

Fuskantar Mutuwa

A 1969 likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana halaye biyar da mai jiran ajali kan shiga: musu, fushi, neman ƙarin lokaci, baƙin ciki, da sallamawa. Ba dole su zo a jere ba, kuma ba kowa ke shiga dukkansu ba. Amfanin sanin su shi ne, in majinyaci ya yi maka tsawa, ka gane ba da kai yake ba.

A wajen dubiya, da zarar majinyaci ya ambaci mutuwa sai mu ce, "Haba, daina faɗin haka, za ka tashi." Da kyakkyawar niyya muke faɗa, amma mun toshe masa baki. Wataƙila bashi yake son ya ambata, ko wasiyya, ko neman gafarar wani ɗan'uwa. Bayyana sakamakon gwaji aikin likita ne. Na ɗan sa-kai shi ne ya bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa. Wanda ya saba zama kusa da mai shirin sanya ta, yakan rage gudun zancenta, ya kuma fara gyara tsakaninsa da mutane. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ba sai mun jira an gina hospis a garinmu ba. In akwai wanda aka sallamo a unguwarku, ku je, ku zauna, ku saurara. Zuwa da kai ya fi saƙo.