Ina za mu kai baƙon da ya zo neman Ma'azu Ɗan Alalo?

Wata ranar Alhamis na shiga Kasuwar Dole sayen tattasai, ban ko gama tayawa ba sai dattijuwar da ke sayarwa ta ɗago kai ta ce, "Kai ne yaron nan na rediyo?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce ita 'yar Damagaram Takaya ce, aure ya kawo ta birni, kuma tana da roƙo guda: in sa mata waƙar Bodo ta Ma'azu Ɗan Alalo, domin mahaifinta yana cikin waɗanda suka sha aikin tilas a zamanin Nasara, kuma har ya koma ga Allah, in ya ji waƙar nan sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Na yi mata alkawari, ta ƙara mini gyara.

Da na koma wurin aiki na ɗauko kaset ɗin da muke da shi, sai na tarar zafi da ƙura sun gama da shi, na'ura ta tauna zaren. Kwana huɗu na yi ina yawo kafin wani yaro mai tura waƙoƙi a waya ya samo mini ita, ita ma rabi, murya tana shaƙewa. Na sa wa Inna abin da ya samu, amma tun daga ranar tambaya guda ta hana ni sakat. Idan baƙo ya sauka tasha yau ya ce a kai shi inda zai ji muryar Ɗan Alalo, ya ga kayan kiɗansa, ya karanta tarihinsa, ina za mu kai shi?

Ga wanda bai sani ba, Ma'azu Ɗan Alalo makaɗin fadar Damagaram ne, wanda ya ga mulkin Faransa da idonsa, ya kuma yi tsawon rai bayan samun 'yancin kai a 1960. Ya yi wa sarakuna waƙa kamar yadda sana'arsa ta gada, amma a waƙar Bodo, wadda ya yi a kan wani Baturen mulki, ya ajiye mana labarin wahalar da talakawa suka sha. Abin da takardun komanda ba su rubuta ba, shi bakin makaɗi ya riƙe.

Ba za a ce Damagaram ba ta san girmama mutanenta ba. Babbar makarantar sakandare ta garin, inda ni kaina na yi bak, tana ɗauke da sunan Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazamaju a 1898, Faransawa kuma suka ci garin a 1899. Sunan Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi, yana bakin kowa. Jami'armu tana amsa sunan Andre Salifu, ɗan garin nan, masanin tarihi da ya rubuta littafi a kan Damagaram da wasan kwaikwayo a kan Tanimun, ya rasu a 2022. Gidan raya al'adu kuma yana da sunan Abdussalam Adam. Duk wannan daidai ne, yabon gwani ya zama dole. To amma kirarin Tanimun da na Kuran Daga, ta bakin wa ya iso mana? Ta bakin makaɗa da maroƙa da zabiyoyi. Mun riƙe kayan, mun manta da wanda ya ɗauko su.

Bari in kai ku nesa kaɗan, ku ga yadda wasu suka yi da nasu. A gabashin Afirka akwai wani ɗan tsibiri a Tekun Indiya da ake kira Tsibirin Mozambik, wanda shi ya ba ƙasar sunanta. A bakin ruwan wannan tsibiri akwai mutum-mutumin wani mawaƙi ɗan ƙasar Fotugal, Luwis Kamoyis. Shi wannan bawan Allah soja ne da ya rasa ido ɗaya a yaƙi a arewacin Afirka, ya tafi Indiya a 1553, a hanyar komawa gida kuma guzuri ya ƙare masa, ya maƙale a tsibirin nan wajen shekara biyu, daga 1567 zuwa 1569, sai da abokai suka yi masa karo-karo kafin ya samu kuɗin jirgi. A 1572 aka buga doguwar waƙarsa, wadda a cikinta ya wasa sarakunan ƙasarsa da matuƙin jirgin ruwan nan Basko da Gama. Sarki ya yanka masa ɗan albashi, amma a cikin talauci ya mutu ranar 10 ga Yuni, 1580.

Ku duba fa, aikinsa ɗaya da na Ɗan Alalo: wasa sarki da jarumai, da ajiye tarihin ƙasa cikin waƙa. Yau ranar mutuwarsa ita ce ranar ƙasa ta Fotugal. Akwai dandali mai sunansa a Lisbon, babban birnin ƙasar. Babbar kyautar marubutan harshen Fotugal sunansa take ɗauke da shi, a 2021 ma wata mace 'yar Mozambik, Paulina Ciziyan, ita ta lashe ta. Baƙin da ke zuwa tsibirin sukan tsaya gaban wannan alama su ɗauki hoto, daga nan su shiga gari su sayi abinci da tsaraba. Ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma gaskiyarsu: mu Musulmi ne, malamanmu ba su yarda da sassaƙa siffar mutum a kafa a tsakar gari ba. Ni ma ban nemi haka ba. Alamar tunawa tana da hanyoyi da yawa, kuma a nan Nijar ma an gwada su. A Yamai akwai gidan al'adu na Umaru Ganda, mai shirya fim da ya rasu a 1981, da cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Mutanen Tawa sun ga sunan mawaƙinsu Ɗan Gurmu ya zama sunan gasar kiɗa ta ƙasa baki ɗaya. A Nijeriya, jami'ar jihar Bauci tana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. Duk cikinsu babu inda aka bukaci gunki.

Teku dai ba mu da shi, mu da ko ruwan famfo sai mun bi layi. Amma Allah ya ba mu duwatsun da ba kowane gari ke da irinsu ba, ga su nan jibge tsakanin Birni da Zango. Me zai hana a zaɓi ɗaya a rubuta sunayen makaɗan Damagaram a jikinsa, da Hausar boko da ajami, da garuruwansu da zamanin da suka yi? Me zai hana a keɓe ɗaki guda a tara muryoyinsu, a kwashe su daga kaset zuwa kwamfuta, a ba jami'a kwafi, a ba fada kwafi? Wannan na biyun shi ya fi gaggawa. Dutse zai jira mu, kaset ba zai jira ba.

Kuma wannan magana taku ce, 'yan kasuwa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka Zango daga Agadas da Tarabulus, makaɗi a hannun sarki da attajiri yake ci. Mutum nawa ne jikokinsu ba su san ko siffarsu ba, amma sunansu na nan da rai saboda wani makaɗi ya ambace su? Nawa ne a cikinku ke da akwatin kaset na mahaifi a ƙarƙashin gado, ko a bayan shago, ɓera na wasa a kai? Kada ku zubar, kada ku ba yara su warware zaren. Ku nemi wanda zai kwafe muku, jika ɗaya ko biyu ba za ta karya jari ba. Idan kuma kowace rumfa ta ajiye dala ashirin a mako, kamar yadda ake zubin adashi, kafin shekara ta zagayo an tara abin da za a tunkari magajin gari da shi a ce ga namu, ina naku? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyayenmu mata, taskar da ke wurinku ta fi ta kowa, domin ita ba ta taɓa shiga kaset ba. Waƙoƙin daka da na niƙa, da na reno, da na kai amarya, injin niƙa da waya sun kusa kore su. Duk wadda ke da tsohuwa a gida, ta zaunar da ita da dare, ta sa jika ya kunna waya ya naɗa, a faɗi sunanta da garinsu da wurin wanda ta koya.

Abu na ƙarshe, kada mu yi irin ta mutanen Fotugal ta kowace fuska. Sun bar mawaƙinsu ya mutu hannu wofi, sai bayan ƙasa ta rufe shi suka tashi gina masa alamu. Akwai tsofaffin makaɗa da zabiyoyi da rai yau a Mirya da Magarya da Damagaram Takaya da cikin Birni, wasu ido ya tafi, wasu murya ta dushe. Kwanon hatsi da kuɗin magani yau sun fi musu suna a jikin dutse gobe. In an je gaishe su da abin hannu, sai a zauna a ɗauki abin da ke bakinsu.

Alhamis da ta biyo na koma wurin Inna. Ta ce ta ji waƙar, amma an yanke ta daidai inda mahaifinta ya fi so. Na ce iyakar abin da na samu ke nan. Sai ta ture kwanon tattasai gefe, ta gyara zama, ta ce, "To kunna wayarka, ɗana, in ƙarasa maka."

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.