Idan Jar Fitilar Baƙin Mai Ta Kama: Abin da Za Ka Duba Kafin Inji Ya Buga

Tun bayan ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya ƙara ƙarfi a fadamun Bagudo, daga Illo har Lolo. Ƙungiyoyin manoma suna haɗa kuɗi su sayi tarakta, wasu ma har da ƙaramar lodar nan mai bokiti a gaba irin Bobcat, don kwasar shanshera da taki. Da yawansu 'yan Kwatano ne, sun sha aiki kafin su iso gare ku. To ranar da kake tsakiyar aiki ka ga jar fitila mai hoton buta ta kama, me za ka yi?

Kashe inji nan take. Ba "bari in ƙarasa wannan layin" ba. Baƙin mai shi ne ke shiga tsakanin kiranshaf da metal ya hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma famfo ne ke tura shi da ƙarfi. In ƙarfin ya faɗi, 'yan mintuna sun isa inji ya buga. In loda ce, sauke bokiti ƙasa tukuna, kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannuwanta suna ɗage. Ka kuma tabbatar wace fitila ce, don loda tana da mai iri biyu: na inji da na haidirolik, kowanne da alamarsa.

Tsayar da ita a wuri mai daidai, ka jira kamar minti goma man ya sauka, sannan ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In man yana ƙasa da layi, ƙara, ka nemi inda yake yoyo. Fitilar da ke walƙiya kawai a gangare ko wajen juyawa galibi wannan ne.

Amma ka lura, man da ya wuce layi ba abin murna ba ne. Shinshina shi, ka murza tsakanin yatsu. In ya yi ruwa-ruwa yana warin dizal, to nozul ko ƙaramin famfon dizal na zubarwa cikin inji, man ya tsinke ba ya riƙe ƙarfi. In kuwa ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ne ya shiga: ko gaskit ya ƙone ruwan lagireto na sauka, ko injin ya kwana cikin ambaliya, abin da duk mai noma a bakin Kogin Kwara ya sani. Canjin mai kaɗai ba ya magance wannan, sai an toshe inda abin ke shigowa.

In man yana daidai kuma lafiyayye, sai filta. Ƙurar hunturu da ta ƙaiƙayi suna saurin lalata mai, kuma filtar bogi ta cika kasuwa. Haka man da ake aunawa a kwalba ba ka san asalinsa ba. Yawancin waɗannan injinan 15W-40 na dizal suke sha, ana canzawa wajen kowace awa 250, amma bi abin da littafin injinka ya ce.

Yanzu ga inda nake ganin an fi tafka asara. Makanike ya zo ya ce, "Ai oyil suwic ce, ba komai," ya cire waya, fitila ta mutu, kowa ya koma aiki. Gaskiya ne ƙaramar na'urar nan tana lalacewa, kuma ba ta da tsada. Sai dai ba a gane hakan da ido. A kwance ta, a ɗaura ma'aunin hannu mai allura a raminta, a tayar da inji, a karanta. Injin da ya yi zafi yana aiki yakan nuna tsakanin psi 30 zuwa 60, a silo kuma ya sauka ƙasa da haka. In ma'aunin daga ɓangaren Benin aka samo shi, wataƙila da bar yake lissafi: bar 1 kusan psi 14.5 ne, wato kana neman bar 2 zuwa 4. In allura ta nuna lafiya, to suwic ce ko wayarta, a canza. Wallahi ƙungiyar da ta iya sayen tarakta ba za ta gaza sayen wannan ma'aunin ta ajiye ba.

In allurar ta tabbatar ƙarfi ya faɗi, lokacin da yake faɗuwa zai nuna maka hanya. Ƙarfin da ba ya tashi tun inji na sanyi yakan nuna rariyar da ke tsotso mai daga kaskon ƙasa ta toshe da dauɗa, ko bawul ɗin rage ƙarfi ya maƙale a buɗe, ko famfon ya cinye. Sai a sauke kaskon a duba. Wanda kuwa yake da kyau da safe, sai rana ta take inji ya yi zafi ya dinga sauka, musamman in kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, to metal ne suka cinye. Yanka tsohuwar filta ka duba takardar ciki. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, magana ta ƙare, a buɗe inji.

A nan wasu ke zuba mai mai kauri don allura ta ɗaga. Za ta ɗaga ɗin, amma cinyewar na ci gaba. Canjin metal tun da wuri aiki ne na kwana ɗaya ko biyu. In aka bari kiranshaf ya ci, sai an kai shi wajen masu gurza, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano neman wani, motar na zaune makonni, makwabta sun gama dashe ku ko haro ba ku yi ba.

Ku 'yan ƙungiya, ku ajiye littafi a hannun sakatare: ranar canjin mai, awa nawa, wace filta aka sa. In agogon awa ya mutu, kamar yadda ake yawan samu a 'yan Kwatano, direba ya riƙa rubuta awannin aikin kowace rana, ya kuma zaro geji kowace safiya kafin ya murza makulli.