Kafin A Aza Tubalin Farko: Bayani Kan Rusau, Haƙa Da Cikon Fili

 

'Yan uwa, da zarar damina ta ɗauke, kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya kan tashi neman taimakon gini. Idan muka duba takardun lissafin da suke yawo da su, za mu ga kuɗin siminti da rodi da bulo da kwano, har da fenti, amma da wuya mu ga an ware wani abin kirki domin gyaran filin da za a ɗora ginin a kansa. Ana ɗaukarsa aikin yini guda, a kira samarin unguwa da diga da shebur, ko a yi hayar katafila ta 'yan sa'o'i, shi ke nan. Alhali da yawa daga tsagewar bango da nutsewar daɓe da muke gani bayan shekara biyu ko uku, daga wannan yinin suke samo asali.

Wannan aiki yana da asali a tarihinmu. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W) ya isa Madina a shekara ta 622, filin da aka zaɓa domin masallacinsa wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu daga Banu Najjar, Sahlu da Suhailu. Ruwayar Bukhari ta nuna sun so su bayar kyauta, ya ƙi karɓa sai da ya saya. Anas ɗan Malik (R.A) ya ba da labarin cewa a filin akwai kaburburan mushirikai da kangaye da itatuwan dabino, sai aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka sare dabinon, aka jera kututtukansa ta ɓangaren alƙibla. Mu lura da yadda abin ya jeru: an fara warware maganar mallaka, sannan aka kawar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa da wanda ke bisanta, aka daidaita wuri, kuma ba a zubar da abin da zai yi amfani ba. Injuna sun canza, amma har yau a kan wannan tsari masu sana'ar suke tafiya.

Saboda haka kafin injin ya shigo, takardar fili ta kasance a hannu, a kira maƙwabta a tabbatar da iyaka a gabansu, a nemi izinin gini daga ofishin magajin gari. A kuma tambayi kamfanonin ruwa da lantarki ko akwai bututu ko waya da suka bi ta wurin, domin haƙoran injin ba su san bambancin bututu da saiwar itace ba. Dattawan unguwa ma a zauna da su. Su ne suka san inda tsohuwar rijiya take, da inda aka taɓa yin masai, da inda maƙabarta ta tsaya a da. In kuwa ana cikin haƙa aka ci karo da ƙasusuwa, to a dakata, a sanar da malamai da hukuma, domin kabarin Musulmi yana da alfarmarsa da hukuncinsa, ba direban injin ne zai yanke ba.

Rusau, wato rushe tsohon gini, shi ne abin da mutane suka fi rainawa, suna ganin ai rushewa ba ta buƙatar ilimi. Ƙa'idarsa ita ce a bi akasin yadda aka gina. A yanke wuta da ruwa, a cire ƙofofi da tagogi da kwano da azara, sannan a sauko da bango daga sama zuwa ƙasa, ba a fara sara daga gindi ba. Kada a bar dogon bango tsaye shi kaɗai bayan an cire abin da ke riƙe da shi. Wannan kuskure ba a ƙasashenmu kaɗai ake yin sa ba. A birnin Filadelfiya na Amurka, ranar 5 ga Yunin 2013, irin wannan bango da aka bari ba madogara ya faɗa kan wani kanti da ke maƙale da shi, mutum 6 suka mutu, ɗan kwangilar da direban injin duka suka ƙare a kurkuku. A garuruwanmu haɗarin ya ma fi kusa, saboda gidajen ƙasa da yawa katanga ɗaya suke tarayya, wani lokaci azarar maƙwabci tana kwance a kan bangon da muke shirin turewa. Akwai kuma tsohon rufin asbestos, mai kama da siminti, da ke kan wasu gine-ginen gwamnati da makarantu na da. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa, don haka a jiƙa shi, a cire shi ɗaya-ɗaya ba tare da farfasawa ba, kuma kada yara su kwashe gutsattsarinsa.

Da yawanmu kowane babban inji katafila muke ce masa, daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka da aka kafa a 1925, amma aikinsu daban-daban ne. Buldoza tura ƙasa take yi, mai dogon hannu shi ke haƙa da loda tifa, gireda ta daidaita, rola ta danne. Wanda ya yi hayar buldoza ita kaɗai ya baje filinsa ne kawai, bai danne shi ba, ko da ya ga ya yi sumul.

Haƙa tana farawa da kwashe baƙar ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, a tara ta gefe domin shuka, saboda ba ta ɗaukar nauyi. Sai a bi har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. Zurfin da za a kai ba abu ne da ake kwaikwaya daga gidan maƙwabci ba, ƙasar wurin ce ke faɗa. Marmara tana da ƙarfi. Rairayi yana ɗaukar nauyi idan ya dannu, amma gefen raminsa saurin zubewa gare shi. Baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi da ake kira firgi, da wadda mutanen Marwa a arewacin Kamaru ke kira karal, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta riƙa ɗaga gini tana sauke shi har ya dare. A irin wannan wuri kuɗin da aka ba injiniya ya gwada ƙasa ba asara ba ne.

A nan ne kuma rayuka suka fi salwanta. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30. Idan gefen rami ya zubo wa lebura, ko kansa na waje, ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ya ja numfashi ba. Shi ya sa dokar aiki ta Faransa ta wajabta a tokare gefen matsattsen rami da ya wuce mita 1.30, ta Amurka kuma ta sa kariya daga mita ɗaya da rabi, tare da nisanta tulin ƙasar da aka fitar da aƙalla santimita 60 daga bakin ramin. Mu kuwa sau da yawa a bakin ramin ake tara ƙasa, tifa ta zo ta tsaya a gefensa, yaro yana ciki yana haƙa. In babu katako na tokarewa, a faɗaɗa bakin ramin ya yi gangare, a sa tsani, kada kowa ya shiga bayan ruwan sama sai an duba, da dare kuma a kewaye shi saboda yara da masu fita sallar asuba.

Ciko shi ne inda aka fi yin ha'inci, domin ido ba ya ganinsa. Garuruwanmu cike suke da kududdufai da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, daga baya suka zama juji, yanzu kuma ana cike su ana sayarwa a matsayin filaye. Shara da leda da tsumma suna ruɓewa ko su lotsa a hankali, ginin da ke kansu ya bi su. Irin wannan wuri sai an kwashe sharar har ƙasa ta asali. Sannan a zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20 a kowane zubi, a yayyafa ruwa, a danne, kafin a ƙara wani. Ruwan ma da ma'auninsa: busasshiyar ƙasa ba ta dannuwa, mai ruwa da yawa kuma taɓo take zama. Wani injiniyan Amurka, Ralph Proctor, shi ya fito da gwajin gano wannan ma'auni a 1933, kuma har yau da shi ake auna cikon hanyoyi. Magina na da nasu gwajin na hannu: a dunƙule ƙasar, in ta riƙe siffarta ba ta jiƙa tafin hannu ba, kuma ta farfashe idan an sake ta ƙasa, to ta yi daidai.

Sai dai duk wanda ya ɗaga filinsa ya sani ruwan da ya saba kwanciya a wurin bai ɓace ba, gidan wani zai nufa. Mun sha ganin an cike hanyar ruwa an yi masallaci mai kyau, damina ta zo ta kwantar da katangar talakan da ke bayansa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan. Ibn Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafinsa Al-I'lan bi Ahkamil Bunyan, inda ya kawo mas'alolin magudanar ruwa da katangar tarayya da cutar da maƙwabci. Kasancewar ginin na Allah ne ba ya sauke haƙƙin wanda aka tura wa ruwa. A fitar da hanyar ruwa tun ranar da gireda ke wurin, lokacin da gyaran bai wuce aikin sa'a guda ba.

Game da ciniki da mai injin, a rubuta komai: da sa'a za a biya ko da yawan ƙasa, wa zai sayi gas, wa zai biya kuɗin kawo injin da mayar da shi, ina za a zubar da ɓaraguzai, kuma wa zai ɗauki nauyi idan aka fasa bututu ko aka taɓa katangar maƙwabci. A kuma tuna ƙasa tana ƙara yawa idan an haƙo ta, da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan ta ragu idan an danne ta. Don haka tifofin da za su kwashe abin da aka haƙa za su fi lissafin girman ramin, haka ma tifofin ciko za su fi abin da ma'ajin kwamiti ya auna da igiya.